Jan Zare a Wuyan Riga

Tela bai taɓa goyon bayan tafiyar nan ba, amma shi ke ɗinka wa masu tafiyar lamba. Duk saurayin da ya ƙudura ratsa hamada ya haye teku ba takardu, sai ya kawo masa rigar sanyi, shi kuma ya ɗinka lambar wayar gida da jan zare a cikin wuyanta. Tawada ruwa na wanke ta, zare kuwa yana nan daram. Ba mai faɗin amfanin lambar, amma kowa ya sani: in an tsinci gawa, a san wanda za a kira.

Yana ɗinki yana masifa. "Kunnen ƙashi gare ku! Me aka ajiye muku a can?"

Su yi dariya su ce, "To Baba, a nan ɗin me aka ajiye mana?" Sai ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ana nan sai abin ya biyo ta kan Autansa. Yaron ya gama karatu, ya yi yawon neman aiki har takalmi ya cinye, ya dawo shago yana sa maɓalli, aikin da ko aski ba ya biya. Tare suka ƙulla tafiyar da amininsa Dogo, bakaniken da aka rushe garejinsu aka shimfiɗa titi. Uwar Dogo maƙwabciyar Tela ce, katanga ɗaya ta raba su. Mijinta ya rasu, ba ta da kowa sai wannan ɗan. Tela ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya haɗa da hawaye. Da ya ga tafiya ba fashi, ya ɗauki allura ya ɗinka wa kowa tasa.

Suka tafi. Waya ta riƙa zuwa jefi-jefi, daga baya ta ɗauke ɗif.

Wata rana da hantsi yana yankan yadi, baƙuwar lamba ta kira. Wani mutum ne da gurguwar Hausa. Ya ce ruwa ya turo gawar wani saurayi, fuskar ba ta ganuwa, an riga an binne, amma a wuyan rigarsa an ga wannan lamba da jan zare. Almakashi ya suɓuce daga hannun Tela.

Matarsa ta faɗi ciwo tun daga ranar. Uwar Dogo ce ta ɗauki gidan a ka. Ita ce shara, ita ce girki, ita ke tarbar masu gaisuwa, ita ke ɗura wa maras lafiya ruwa a baki. In ta ga Tela ya zuba wa kwano ido sai ta ce, "Ci mana, Baban Auta. Nawa ma shiru, amma ina ji a jikina yana nan. In ya kira, shi zai gaya mana yadda aka yi."

Allah na gani, Tela ya ji hassadarta. Ita tana da abin jira, shi ba shi da komai. Ya ji kunyar hakan, amma ya ji.

Bayan mutane sun ɗauke ƙafa ya koma shago, ba don ɗinki ba, don dai ya huta da ganin ɗakin yaron. Yana zaune gaban keken ɗinki wayar ta sake kuka.

"Baba, ni ne."

Tela ya miƙe, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. Muryar Auta ce, ta dishe, amma ita ce. Yana tsare a wani sansani, sai yau aka ba shi aron waya. Tela na dariya yana kuka, yana ta jero godiya ga Allah, har mai shagon kusa ya leƙo.

Can ya ce, "Auta, ina rigarka?"

"Na ba Dogo. An ƙwace tasa a hanya, ga zazzaɓi na kaɗa shi, sai na tuɓe tawa na sa masa. A bakin ruwa aka raba mu, kowa da jirginsa. Baba, ya kira gida kuwa? Ka tambayar min Innarsa."

Tela ya ce zai tambaya. Wayar ta yanke.

Ya rufe shago ya kama hanya. Tafiyar ba nisa, amma a hankali ya riƙa takawa. Yana son ya ruga ya tashi matarsa daga kwance, yana kuma son ƙasa ta tsage ya shige. Farin ciki bai taɓa yi masa nauyi haka ba.

Ya tarar da Uwar Dogo a tsakar gidansa, ta duƙa tana wanke kwanukansu. Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana kallo. Ya yi ƙoƙarin tsuke fuska, amma ta riga ta gani.

"Baban Auta, yau fuskarka ta saki. An kira, ko?" Ta miƙe tana goge hannu a zani, bakinta har kunne. "Dogo ne?"

Tela ya jawo kujera ya ajiye a gabanta. Ya ce, "Zauna tukuna."