Ciwon Aukje Bai Wuce Uku Ba

Shekara talatin da huɗu mahaifiyata Aukje, wadda nake kira Mem, wato Inna a yarenmu, ta yi tana ɗaga wayar likitan ƙauyenmu, kuma ban san mutum goma da suka tsallake ta suka ga likita a ranar da suka kira ba. Tari, targaɗe, zazzaɓi, duk amsa ɗaya ce: a sha farasitamol, a jira mako biyu. Wanda ya warke ya gode mata. Wanda bai warke ba, ai bai sake damun kowa da waya ba.

To, ranar wata Alhamis da safe na shiga kicin ɗinta na tarar tana feraye dankali, idonta ɗaya ne kawai lafiyayye. Na hagun ya kumbura, ya yi jawur, ya turo waje kamar ƙwan agwagwa.

"Mem! Me ya sami idonki?"

"Ina kwana ake fara cewa, Marrit. Kuma ki goge takalminki."

"Idon fa?"

"Mura ce. Makonta uku ke nan, ta kusa gajiya."

Ta ɗauki buta ta tsiyaya mini shayi a kan tebur, dab da kofin.

"Mem, kofi nawa kike gani?"

"Biyu. Na zaɓi wanda ba shi ba, shi ke nan. Miƙo tsumma."

Na taɓa goshinta, zafi rau. Nan take na kira ɗakin likita. Wadda ta ɗauka kuwa Rixt ce, yarinyar da Mem ta horar da hannunta kafin ta yi ritaya. Ko jimla biyu ban yi ba ta tare ni, wai doka ce sai ta ji daga bakin mai ciwon. Ba sai na tambayi wanda ya kafa dokar ba. Na buɗe muryar wayar na ajiye a tsakaninmu.

"Uwar ɗakina, ina kwana? Akwai zazzaɓi?"

"Ɗan ɗumi dai."

"Kumburi fa?"

"Ba irin wanda zai hana mutum aiki ba."

"Kin sha farasitamol?"

"Ke, ni za ki yi wa wannan tambayar? A bakin wa kika fara jin sunansa?"

"Tuba nake. Akwai gurbi Talata mai zuwa, goma da kwata."

"Ki ajiye wa mai ciwon gaske."

Ni dai ina tsaye ina kallon mata biyu suna yi wa ido jana'iza cikin ladabi da girmamawa.

"Saura tambaya ɗaya," in ji Rixt. "Daga ɗaya zuwa goma, ciwon ya kai nawa?"

Mem ta ajiye wuƙa.

"Uku."

Nan take muryar Rixt ta canza.

"Uku kika ce? Marrit, kina ji na? Matar nan ƙofar mota ta datse mata yatsa, ta zo aiki da jini a riga, na tambaye ta ta ce ɗaya da rabi. Ki rabu da ita, ke ki gaya mini abin da kike gani."

Na zayyana mata: idon ya turo, ba ya juyawa, komai bibbiyu take gani, ga zazzaɓi.

"Babban asibiti, yanzu. Likita zai kira su kafin ku isa. Kada ta ci komai, kada ta sha."

Mem ta harari wayar da idon da ya rage. "Shekara biyu na ɓata a kan yarinyar nan."

Ina neman mukullin mota sai na ji ƙarar ƙofar rumfa. Na fita da gudu, ga ta tana fito da kekenta. Kilomita goma sha takwas ne zuwa asibitin, iska na kaɗa shanu, hanya ta zama biyu a idonta.

"Mota ai ta marasa lafiya ce," in ji ta.

Na datse keken da makulli, na jefa ɗan mukullin a aljihu. Kafin mu isa birni sau uku tana nuna mini cewa na wuce gudun da doka ta yarda.

Dokta Wiersma, likitar ido, ba ta tsaya gaishe-gaishe ba. Ta rufe wa Mem idon hagu, ta ɗaga wani jan murfin kwalba.

"Wane launi ne?"

"Ja."

Ta sauya ido. "Yanzu fa?"

"Ruwan ƙasa. Kun canza murfi."

Ba wanda ya canza komai. Aka tura Mem ɗaukar hoton kai, cikin rabin awa hoton na kan allo. Likitar ta sa biro ta nuna mana.

"Ga kogon hanci, ga ramin ido. Ƙashin da ya raba su bai fi takarda kauri ba. Murar nan taki ta yi mugunya, mugunyar ta ratsa ta taru a bayan ido, tana danne jijiyar gani. Za mu sa miki ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta yanzu, sannan likitan hanci ya bi ta hancin ya zuƙe ta. Yau."

Mem ta buɗe jaka ta zaro littafin da take tsara ranakunta. A garinmu ko mutuwa sai ta nemi gurbi a cikinsa.

"Yau ba zai yiwu ba. Ƙarfe biyu ni ce mai dafa shayi a ƙungiyar mata. Talata fa?"

"Talata ta yi," in ji likitar. "Idon zai zo, ganin ne ba zai biyo shi ba."

Mem ta mayar da ido kan littafinta. Ta daɗe tana kallon shafin. Sannan ta soke shayin, ta rubuta "hanci" a gurbinsa, rubutun ya hau kan Juma'a.

A bakin ɗakin tiyata ta damƙe hannuna.

"Marrit."

"Na'am, Mem."

"In kika gaya wa 'yan ƙauye a kan gado mai taya aka tura ni, ban yafe ba."

Awa ɗaya da rabi aka yi. Likitan hanci ya fito ya ce an kwashe mugunyar, amma ko jijiyar ta tsira sai kumburi ya saɓe. Kwana uku muka yi muna jira, ruwan magani na ɗiga, Mem na gyara wa ma'aikatan jinya yadda ake amsa waya.

Ranar Lahadi fatar idon ta buɗe. Dokta Wiersma ta zo ta manne na daman da auduga, ta ja baya.

"To, Aukje. Me kike gani?"

Mem ta juya kai a hankali. Ta wuce likitar, ta wuce ni, ta tsaya a kan bango mai kallon waje. Na matso bakin gadon.

"Mem, don Allah ki yi magana."

"Wa ke wanke tagogin nan?" in ji ta. "Dubi can sama ta hagu. Har shatin yatsu."

Na je na duba. Yatsu huɗu ne, ƙanana, a kusurwar gilashin.