Jinin Khaulat

Ni Zulai'atu, shekara talatin ina bandar kifi a Yelwa, kuma kaf unguwarmu an san ni da maganin shawara. Idon yaro ya yi ɗorawa, wurina ake kawo shi. To ranar da idon jikata Khaulat ya yi ɗorawa, wa ya isa ya gaya mini abin yi?

Uwarta ce ta gwada. Hussaina ke nan, matar autana Nasiru, wadda tun shigowarta gidan jininmu bai haɗu ba. Shi kuwa yana can wajen Wara kamun kifi. Ta durƙusa ta ce, "Inna, kwana uku ke nan zazzaɓin na tahiya yana dawowa. Mu kai ta asibiti."

Na ce, "Asibitin mi? Mai shawara ake yi wa allura? So kike ki kashe mini ita?" Haka muka taso muka ji, allura ta taɓa mai shawara sai gawa. Ban tsaya nan ba. Na ce, "Ɗiyar nan jinina ce, ke haihuwarta kawai kika yi." Wallahi na faɗa, da wannan bakin nawa.

Kwana biyu ina ɗura mata jiƙon saiwa. Safiya ta uku fitsarinta ya koma kamar baƙin shayi, tafin hannunta fari fat, kai ma ba ta iya ɗagawa. Hussaina ba ta sake neman izinina ba. Ta goya ta, ta tsayar da ɗan kabu-kabu. Ni ma na hau wani na bi su, ina zage-zage har ƙofar asibiti.

Wata ma'aikaciya mai suna Rachel ta huda yatsan yarinyar ta ɗiga jini a gilashi. Da ta gaji da masifata sai ta ja ni ɗakin gwaji ta ce, "Mama, sa idonki nan." Na leƙa cikin na'urar. Wasu 'yan ƙwayoyi ne zagaye-zagaye, da yawansu da ɗan tabo a ciki kamar zobe.

Ta ce, "Ƙwayoyin jininta ne. Zoben nan kuwa cutar da sauro ya sa mata ce. Tana shigewa cikin ƙwayar jini ta ci, ta hayayyafa, ta fasa ta, 'ya'yan su faɗa wasu. Duk sa'ad da suka fashe, lokacin jikinta ke rawa. Jinin da ya farfashe shi ya rina mata ido." Ta dube ni. "Kwana nawa tana haka?"

Na ce biyar.

Aka yi mata allurar ina tsaye ina kallo. Na riƙe numfashi ina jiran abin da na yi shekara talatin ina gaya wa mata. Shiru. Yarinyar ta ci gaba da numfashinta.

Likita ya ce jininta ya kusa ƙarewa, sai an ƙara mata yanzun nan. Na yi wuf na miƙa hannu na ce, "Ku ɗebi nawa, jinina ce." Rachel ta gwada ta dawo ta ce, "Mama, naki bai dace da nata ba." Aka gwada na Hussaina. Ya dace.

Kai, ni dai na ji kunya. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na rakuɓe jikin bango a tsaye ina kallon jinin Hussaina yana ɗiga cikin hannun Khaulat. Wajen la'asar yarinyar ta buɗe ido ta nemi ruwa. Ni kuwa jira nake Hussaina ta mayar mini da maganata, don na cancanta, kuma da ta yi da na ji sanyi.

Sai ta tashi daga kujera ɗayar da ke ɗakin, auduga manne a hannunta, tana dafa gado don jiri. Ta ce, "Inna, zauna. Tun safe kike tsaye."