Burushin Safara'u

Ni ba na yafiya da wuri. Kowa a unguwarmu ya san haka, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Sunana Yelwa, uwata ita ce Rahmatu mai kwalli, wadda yara da manya a Haɗejiya suke kira Inna.

Shekara talatin Inna tana sana'ar nan. Ta sayi dutsen kwalli ta niƙa shi kwana uku har ya yi laushi, ta wanke sabon man shanu ta kwaɓa shi da shi kaɗan, ta ɗura a tandu. Kwallinta ba ya tashi kamar gari, kwanciya yake yi a ido da sanyi. In mace ta zo gwadawa, Inna ta karyo sabon tsinke daga daurin ciyawar da take yankowa a fadama, ta sa mata, ta jefar da tsinken. Mata suna yi mata tsiya, wai tsohuwa ta cika ƙyanƙyami. Amma in aka yi haihuwa, da an gama wa jariri wankan farko ita ake aika wa, ita ke sa masa kwallin farko. Rabin samarin unguwarmu hannunta ne ya fara taɓa idonsu.

Shekarar da aka gama yaƙin basasa, Safara'u ta kafa tebur a kasuwa. Mijinta direban babbar mota ne, yana kai bandar kifi Kano, ya dawo mata da kaya. Cikin kayan akwai gazal, wani kwalli mai maiƙo ɗan Indiya, a 'yan gwangwanaye masu hoton mace, da wani ɗan burushi siriri mai gashi laushi. Gwaji kyauta ne. Ki zo ki tsuguna, ta dangwala burushin ta zizara miki, ta miƙo madubi. Mata kuwa suka yi mata caa!

A daminar nan ciwon ido ya shigo gari, wanda ake ce wa Afolo. Ido ya yi ja, ya kumbura, kwantsa ta liƙe shi. Yawanci mako guda mutum ya warke. Talatu mai bandar kifi ce ba ta warke ƙalau ba, hakiya ta fito mata a idon hagu, fara sol. Ranar da abin ya fara, ta biya teburin Safara'u an yi mata gwaji, ta kuma sayi tandu guda a wurin Inna. Da aka tambayi Safara'u, sai ta taɓe baki ta ce, ai duk wanda yake cusa ruɓaɓɓen man shanu a idonsa, me yake jira? Magana ɗaya tak ta yi, amma kafin kasuwa ta tashi ta kai har Kafin Hausa.

Talatu ta zo ƙofar gidanmu da rana tsaka, ta juye tandun a ƙasa ta taka shi, ta ce Allah ya isa tsakaninta da Inna. Inna tana tsaye a zaure tana kallo. Daga ranar ta daina niƙa. Aka yi haihuwa biyar a unguwa ba wanda ya aiko. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, tuwo ma sai na tsaya a kanta.

Wanda ya ƙarasa ni shi ne na cikin gida. Mairam, matar ƙanena Garba, tana da cikin fari, wata takwas. Uwarta ta aiko da saƙo cikin ladabi, wai in Allah ya sauke ta lafiya, kada Inna ta wahalar da kanta, su za su sa wa jaririn kwalli. Jikan Inna na farko ta wajen ɗa namiji! Inna ta ce, “To, Allah ya raba lafiya,” ta shiga ɗaki ta juya fuska bango. Ni kuwa a tsakar gida na rantse sai Safara'u ta gane kurenta.

Na aiki maƙwabciyata ta sayo mini gazal ɗin da sabon burushi, don kada matar ta ga fuskata. Niyyata in nuna wa duniya guba take sayarwa. Idon dama na sa gazal, idon hagu na sa kwallin Inna, kowanne da sabon tsinke. Haka na yi kwana bakwai. Na shiga fadama cirar ciyawar shinkafa da su, na zauna cikin hayaƙin banda da su, na yi alwala sau biyar kullum da su. Mijina Haladu ya dube ni ya ce, “Ke kuma yau mace biyu aka kawo mini?” Na ce ya ci tuwonsa ya ƙyale ni.

Abin haushi, gazal ɗin ba guba ba ne. Ya fi na Inna baƙi, wannan ko ina jin zafi sai na faɗa. Aibinsa guda, in rana ta take gumi ya keto, sai ya narke ya gangaro, ki zama kamar wadda ta kwana kuka. Na Inna ba ya motsi har magariba, sai dai bai kai shi fitowa ba. Na koma kan abin sawa. Na gwada tsinke, na gwada sandar ƙashi ta kakata, na gwada burushin. Burushin ya fi su duka fitar da layi siriri, tsinke yana ɗan karce, ƙashi kuma kauri yake yi. Kwana goma sha huɗu, idona biyu garau. Na zauna na yi kukan baƙin ciki, don ban sami abin da nake nema ba.

Ranar kasuwa na je na rakuɓe a rumfar mai tabarmi, daura da teburinta, ina kallo kawai don in ƙara wa zuciyata wuta. A nan Allah ya nuna mini. Mace ta tsuguna, burushi ya shiga idonta, ya koma gwangwani, ya shiga idon ta gaba. Burushi guda ne tun safe, ko gogewa ba a yi. Na ƙirga mata goma sha ɗaya, biyu daga ciki idonsu jawur. Da azahar ta yi, nata kwallin ya narke, sai na ga Safara'u ta juya baya, ta zaro wani ƙullin daga haɓar zaninta, wani gwangwani daban da wani burushi daban, ta gyara idonta ta mayar. Ashe ta sani! Munafuka ta san abin da burushin teburinta yake ɗauka, ta kare nata idon, ta ɗora wa uwata.

Ban gaya wa Inna ba, don na san za ta ce a bar wa Allah. Wurin Talatu na je. Ta ga ni ta ɗauko muciya, na ce ta ajiye, ba faɗa ya kawo ni ba. Na ce, “Kasuwa mai zuwa ki zo ki tsaya kusa da ni. In ƙarya nake yi, ki fasa mini kai da muciyar nan a gaban jama'a.”

Ta zo. Na bari sai da mata suka taru, na kuma bari sai da wata baƙuwa daga Miga, idonta na tsiyaya, ta tsuguna aka zizara mata ta tashi. Sannan na kutsa, na yaye mayafi.

“Jama'a, ku dubi idona. Dama na Yaya Safara'u ne, hagu na uwata. Wanne ya fi kyau?”

Suka leƙa, suka ce na dama. Na ce wallahi gaskiyarku, ni ma haka na gani. Safara'u ta washe baki, ta ce, “Ai gaskiya ɗaya ce, ƙanwata. Ki gaya wa tsohuwa ta huta, zamani ya wuce ta.”

Na ce, “Zan gaya mata.” Na zaro tandun Inna, na karya tsinke, na cika idona biyu da kwallin, har na lakata na lasa a gabansu. Na ce, “Ga wanda aka ce yana makantarwa. Saura naki, Yaya. Ki sa mana mu gani, da wannan burushin da ke hannunki.”

Murmushin ya tsaya mata a fuska. Ta ce ai ta riga ta sa tun daga gida. Na ce ya narke, ga shi nan yana gangarowa, a ƙara. Ta ce ba ta wasa da yara. Hannunta ya nufi haɓar zani, na ce, “A'a, ba na cikin zani ba. Na tebur, wanda kike sa wa kowa.”

Wata tsohuwa ta ce, “Au, akwai na cikin zani?”

Talatu ta matso har numfashinta na taɓa fuskar Safara'u, ta buɗe mata farin idon nan da yatsa biyu. Ta ce, “Sa.”

Hanya biyu ce ta rage mata, ta faɗi gaskiya da bakinta ko ta sa. Na so ta faɗa, amma girman kai bai bar ta ba. Ta ɗaga burushin, ta shafa a fatar waje. Talatu ta ce, “Ciki. Yadda kika yi mini.” Ta sa a ciki, dama da hagu, hawaye na zuba. Ba wadda ta ƙara tsugunawa a teburin nan. Ina tafiya gida ina jin daɗin da ban taɓa ji ba, har kifi na saya na yi mana miya.

Bayan kwana biyu idon Safara'u ya rufe ruf. Gari ya ɗauka. Talatu ta zo ta durƙusa a gaban Inna tana kuka. Uwar Mairam ta aiko da goro, wai a yi haƙuri, sharrin baki ne, in haihuwa ta zo Inna ce mai kwalli. Inna ta fito da dutsenta na niƙa ta wanke. Ranar ta cinye tuwonta tas, har ta nemi ƙari.

Kwana na huɗu na tafi fadama. Ina dawowa na tarar da abin da har gobe ban manta ba. Safara'u ce kwance a tabarmarmu, kanta a cinyar uwata, Inna tana wanke mata kwantsa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, da hannunta. Wai ta lallabo tana dafa bango, kowa ya guje ta, mijin yana Kano.

Na ce, “Inna! Wannan fa ita ce!”

Ta ce, “Na san ko wace ce. Ke kika sa ta, ni kuma ba zan kore ta ba. Miƙo mini tsumman can.”

Ban miƙa ba. Na fita na bar musu gidan.

Mairam ta haihu bayan kwana uku, da hantsi, namiji. Aka aiko da gudu a kira Inna. Na shiga ɗakinta da murna, na same ta zaune bakin gado, idonta biyu sun kumbura sun yi jawur, tandu cike a hannunta. Na ce ta tashi mu je, a wanke hannu da sabulu, ba abin da zai faru. Ta ce ko da wasa, ba za ta kai wannan ciwon kan jariri ba. Ta sa na ɗauko wani tandun da ta cika tun kafin ciwon, na karyi tsinke da kaina.

Ta biyo ni har gidan amma ta ƙi shiga ɗakin. A tsakar gida ta tsaya, cikin rana, mayafi a kan fuskarta, tana ɗaga murya.

“Yelwa, ki tallafi kansa da hagu. Kada ki danna, ja za ki yi sau ɗaya. Ya buɗe idon?”

Na ce ya buɗe.

“Idon wa ya ɗauko?”

Na dubi yaron. Na ce, “Naki, Inna.”

Ta ce, “To, a hankali.”

Ni na sa masa, layin ya fito a karkace. Safara'u ta warke sarai, ko tabo babu, daga baya ma ta koma sayar da atamfa. Ranar da Inna ta rasu ta zo gaisuwa, ta miƙo mini hannu a gaban mutane, na bar shi a miƙe.