Gefen Dama na Inna Dije

Tun ranar da Raihanatu ta sauka Tamaske hancinta ya gaya mata. Ta durƙusa a bakin ƙofar ɗaki tana gaida mahaifiyarta, sai wani wari ya biyo ta ƙarƙashin turaren wuta, warin naman da ya fara lalacewa. Ta san shi sarai. Amma ta sunkuyar da kai, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta tashi.

Aikinta ke nan a jami'a a Yamai. Tana renon ƙwayoyin fatar mutum a kan wani faranti mai taushi, ta danne su da nauyi, ta zuba musu ido ta madubin bincike. In an danna an saki, sai su ƙara ƙwari. In aka danne ba sassauci, sai su shaƙe su mutu, na ciki kafin na waje. Ta rubuta wannan, an tafa mata a manyan zauruka har ƙasashen waje. Mahaifiyar tata Inna Dije kuwa, tun da hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, kwance take kan gefen dama, fuska gabas, ba ta yarda a juya ta. Ta ce in ajali ya zo, ya iske ta tana duban alƙibla.

Raihanatu 'yar fari ce. Goggonta ce ta yaye ta, ta riƙe ta. Inna Dije ba ta taɓa ambaton sunanta ba, Baƙuwa take ce mata, shi ma sai ta bakin wani. Da wannan kunyar Raihanatu ta tashi, har ta zame mata jiki. To da wane hannu za ta ɗaga zanen matar da ba su taɓa haɗa ido ba?

Sai ta kira ƙanwarta Zalika, wadda ke jinya da tsohon ciki. "A riƙa juya ta, kin ji?"

"Yaya, ni da cikin ga in ɗaga Inna? Jiya na taɓa ta, ta zage ni har uwata, ta manta ita ce."

Raihanatu ta yi murmushi, ta aika aka sayo sabuwar katifa. Katifar ta kwana jingine da bango, ta wuni, ta sake kwana. Ita kuwa tana gindin itacen bedi tana shirya jawabin da za ta yi a wani taro, tana gyara hotunan ƙwayoyin da nauyi ya kashe. Duk sadda iska ta juyo daga ɗakin, sai ta ƙara duƙar da kai kan na'urarta.

Da safiyar tafiyarta, mota na ƙofar gida, ta je sallama. Inna Dije ta ce, tana duban bango, "Zalika, ki ce ma Baƙuwa ta gaida mutanen Yamai."

A nan Raihanatu ta ga ƙudaje. Ba ko'ina suka sauka ba, layi suka yi a inda ƙugun dama ya haɗu da shimfiɗa. Ta cire takalmi ta shiga.

"Mi wagga ɗiya ka nema?" in ji tsohuwar.

"Inna, juya ki za ni yi."

"Ki ce mata ba ni baiwa gabas baya."

"Ba za ki ba ta baya ba. Kanki za mu maida arewa. Zalika, kama ƙafafun kawai."

Ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗar. Ba ta yi zaton za ta iske ta da rashin nauyi haka ba. Suka kewaya da ita kan katifar, ta kwanta bisa hagu, fuskarta gabas. Raihanatu ta ɗaga zanen.

Zalika ta yi salati ta kauda kai. Raihanatu ba ta kauda ba, don karanta irin wannan ne sana'arta. Tsakiyar gyambon ya yi baƙi, kuma ta san abin da ke ƙasa ya fi wannan faɗi. Amma gefen, inda fata ta buɗe tana ruwa, sabo ne. Tana can gindin bedi tana shirya jawabi ya buɗe.

Direba ya danna ham a waje.

"Yaya, motarki."

"Ki ce mai garin Keita za mu, gidan likita. Ya kwantar da kujerar baya."

"Taron hwa?"

 Raihanatu ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi tana goge kewayen ciwon a hankali, tana jiran zagi, tana ma son a zage ta. Inna Dije ba ta zage ta ba. Sannan ta ce, idonta a bango, "Zalika, ki ce mata hannunta da sanyi."

Raihanatu ta hura tafin hannunta, ta murza su, ta ci gaba.