Ranar da Kwamfuta Ta Haɗe Abdoulaye Uku

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya. In kun ci karo da kuskure, don Allah ku kau da kai.

A shekarun da Libiya ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka, akwai wani siton dabino a Manshiya, cikin Sabha, na Alhaji Ezzeddin, mutumin Fezzan da ya tsinci Hausa a bakin kakarsa. Ma'aikatansa, masu kiransa Mudir, wato shugaba, sun kai arba'in, yawanci 'yan Nijar masu jiran hanyar arewa. Mai raba musu aiki ita ce Koubra, mutuniyar Damagaram. Kullum da safe sai ta buɗe tsohon littafinta ta ce wane ya tafi gonar Zighan, wane ya ɗauki mota, wane ya zauna ɗinkin buhu.

Ana nan sai Alhaji ya ɗauko wani injiniya, Muhandis da Larabci, daga Tarabulus, sunansa Zuhair, don ya gina tsarin kwamfuta da zai riƙa raba aikin.

“Koubra, in inji ya fara, kin huta,” in ji Alhaji.

Ta san irin hutun. Aiki zai tafi, ɗakin saman siton da take zaune da 'ya'yanta biyu zai bi shi.

Zuhair mutum ne mai bin ƙa'ida. Aikinsa hawa-hawa ne: a tattara buƙatu a rubuta a sa hannu, sannan zane, sannan gini, sannan gwaji, sannan a miƙa. Matakin da aka wuce kuwa ba a waiwayarsa. Mako uku ya yi yana tattara buƙatu a ofishin Alhaji, tsakanin shayi da gyaɗa, ko sau ɗaya bai tambayi Koubra komai ba.

Ranar da ya manna zanensa a bango, akwatuna da kibau ko'ina, ta tsaya ta karanta. Kwamfuta za ta gane kowane ma'aikaci da abu uku: sunansa, sunan ubansa, da ranar haihuwarsa.

“Muhandis, akwai 'yar magana kan ranar haihuwar nan.”

“Ya Hajja, an rufe matakin buƙatu,” ya ce, yana dafa wani littafi mai kaurin bulo. “Mudir ya sa hannu tun Alhamis.”

“To, Allah ya ba da sa'a.”

Abin da ta so ta gaya masa ba wani dogo ba ne. A ƙauyukansu ba a rubuta ranar haihuwa. In ka je yin katin shaida, malamin ofis zai dube ka sama da ƙasa, ya kintaci shekara, ya rubuta ɗaya ga Janairu. Ga shi kuma a siton akwai Abdoulaye Issa har uku, 'yan karkara ɗaya, rana ɗaya suka yi kati, malamin ya zuba musu 1975 dukansu. Ita dai da laƙabi ta san su: Dogo mai hawa dabino, Direba, da Malam Abdou mai ɗinkin buhu, wanda ko kujera ya taka sai jiri ya ɗebe shi.

Bayan wata huɗu aka gama gini. Zuhair ya yi gwaji da sunayen da ya ƙirƙira, kowa da ranar haihuwarsa tsaf, komai ya tafi daidai. Sai aka zaunar da Koubra ta shigar da katunan ma'aikata. Da ta zo kan Abdoulaye na biyu, kwamfuta ta ce wannan mutumin yana ciki, a ƙara masa bayani? Koubra ta jawo littafin bulo, ta buɗe shafi na sittin da biyu, ta ga abin da aka sa wa hannu: in abu ukun nan suka zo ɗaya, mutum ɗaya ne. Ta yi bisimilla ta danna “eh”. Na ukun ma haka.

Ranar miƙa aiki ta faɗo a tsakiyar kakar dabino. Alhaji ya gayyato abokansa 'yan kasuwa, ma'aikata suka jeru a tsakar sito. Koubra ce ta jera su, ta kuma tabbatar wasu uku suna sahun gaba. Injin bugawa ya yi kukansa ya tofo takarda, Alhaji ya gyara tabarau.

“Abdoulaye Issa!”

“Na'am!” murya uku.

Alhaji ya dubi takarda, ya dube su. “Ƙarfe bakwai ka hau dabino a Zighan. Ƙarfe bakwai ka kai mota kasuwa. Ƙarfe bakwai... ka ɗinka buhu ɗari.”

“Mudir, ni dai ko yanka ni za a yi ba na hawa,” in ji Malam Abdou.

“Kai da tuƙin ma? Jakin babanka ya kayar da kai sau nawa?” in ji Direba.

Dogo ya ce, “To in mu ukun mutum ɗaya ne, ku biyun ku je, ni zan kwanta a madadinmu.”

Wuri ya kaure da dariya, har baƙin Alhaji. Zuhair ya hau buɗe littafi, gumi na bin wuyansa.

“Ya muhandis, gyaran kwana nawa?” in ji Alhaji.

“Ba gyara ba ne, ya Hajj. Tushen ne. Sai an koma matakin farko.”

Alhaji ya leƙa waje. Motoci na jira, rana na ɗagawa, dabino na kan bishiya.

“Koubra, ina littafin nan naki?”

Yana ƙarƙashin mayafinta, har ta sa yatsa a shafin ranar. Kafin shayin baƙi ya huce kowa ya kama gabansa.

“Daga gobe,” Alhaji ya nuna Zuhair, “kujerarka kusa da tata. Abin da ta faɗa shi za ka rubuta.”

Zuhair ya matso da murya ƙasa-ƙasa. “Ya Hajja, su ukun nan ne kawai, ko?”

“Su ne kawai Abdoulaye,” ta ce. “Masu suna Seydou kuma sai gobe, in ka zo da littafi mai kauri.”

Ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta bi bayan buhuna ta haye sama, don dariyar ta kusa tona ta. Ni ma tunda hankalin kowa na kan Muhandis, bari in ajiye biro in bi bayan buhunan.