Inuwar Zaitun Gwaggo Argiro

Matar da ke ofishin ba da izinin gini ta turo masa takardunsa da yatsa ɗaya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Saura mita arba'in, Baba."

"Arba'in na me?" in ji Zaharias.

"Na fili. Ba a gina gida a gona sai ta kai murabba'in mita dubu huɗu. Taka dubu uku da ɗari tara da sittin ce."

"Haba 'yata! Dubu huɗu da talatin ce tun zamanin kakana. Ko ƙasa ma tsukewa take yi kamar rigar da aka wanke?"

Lefteris, injiniyan da ya auna gonar ya zana gidan da za a gina, ya ja shi waje kafin murya ta tashi. A bakin matakala ya buɗe wata tsohuwar takarda da ta koma ruwan ƙasa, ya nuna masa layi ɗaya. Kakan Zaharias ne ya sa aka rubuta ta shekarar da ya aurar da 'yarsa Argiro. Gona ta ɗansa ce, wato uban Zaharias. Amma itacen zaitun da ke kusurwar gabas na Argiro ne, a cikin kayan aurenta, da shi da ƙasar da inuwarsa ta rufe da rana tsaka.

"To ai kowa ya san itacen Gwaggo ne. Ni nake kai mata mansa duk shekara."

"Itacen ba shi ne damuwar ba, inuwar ce. Na auna ta, mita saba'in. Me kuke ba itacen ne, nama?"

Nan take Zaharias ya gane. Lokacin da aka rubuta takardar, inuwar itacen ba ta fi tabarma biyu ba. Ubansa ya yi masa hidima shekara talatin, shi ma ya ɗora wasu talatin. Taki ya fi ba shi a kan sauran, ruwa ya fi ba shi, don kada a ce a ƙauye sun bar itacen 'yar'uwarsu ya lalace. Ashe duk gonarsa yake ciyar wa inuwa.

"Hanya biyu ce," in ji Lefteris. "Ko ta sa hannu ta bar maka itacen, ko kuma..." Ya ninke takardar. "Ranar Alhamis zan sake awo da ƙarfe goma sha biyu. Abin da idona ya gani shi zan rubuta. Ni dai ban ce maka komai ba."

Zaharias yana tashar mota 'yarsa Hrisa ta kira daga Jamus. Mijinta ya sami aiki a asibitin garin nan, sun ba shi zuwa ƙarshen wata ya amsa. Shi kuwa ya ce ba zai kwaso yara uku ya cusa su a ɗaki biyun surukinsa ba, sai ya ga izinin gini da idonsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan Zaharias yana ganin jikokinsa sati biyu a shekara, ƙaramin ma da Jamusanci yake gaishe shi.

"Baba, an samu?"

"An kusa."

"Tun bikin Ista kake cewa an kusa."

"To yanzu an fi kusa. Mota ta zo, sai anjima."

A cikin motar ya tarar da Sifis mai awaki, wanda in ka gaya masa magana ka gaya wa tsibirinsu na Kirit gaba ɗaya. Zaharias ya san haka sarai, amma abin ya cika masa ciki, ya amayar.

Sifis ya yi dariya har da dukan gwiwa. "Kai dai ba ka da wayo! Ka kira injiniya ranar da aka yi hadari mana. Babu rana babu inuwa, gona ta cika har da ƙari."

"A watan Yuni? Sai dai in kai za ka kawo hadarin."

"To ka sa zarto. Tsohuwa tana can bayan dutse, wa zai gaya mata?"

"Kai mana za ka gaya mata," in ji Zaharias.

Gwaggo Argiro, ƙanwar ubansa, shekararta tamanin da shida. Can wurinta ya wuce a motar, ya same ta a ƙofar gida da baƙaƙen kayanta tana gyaran wake. Ta kawo masa gahawa da ruwan sanyi, ta tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta bar shi ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta saurara har ƙarshe hannunta bai daina aiki ba.

"Ba zan sa hannu ba," ta ce.

"Gwaggo, Hrisa ce fa. Man ba zai yanke ba, wallahi duk shekara zan kawo miki kamar yadda na saba."

"Na ce maka kukan mai nake yi? Gidan nan na mijina ne, da ya mutu ya zama na ɗansa. Kabarin da za a sa ni ma sunan danginsu ne a jiki. Duk duniya takarda ɗaya ce ke ɗauke da sunana da na ubana, ita kake so in soke?"

"Mita arba'in ne kawai."

"Da arba'in da ɗaya duk ɗaya ne. Sha gahawarka kada ta huce."

Ya sha, don ba a barin gahawar Gwaggo. Ransa a ɓace yake, kuma abin da ya fi ɓata masa ran shi ne ya san gaskiyarta.

Motar komawa ta bi ta cikin gari, ta tsaya nan ta tsaya can. Sai wajen la'asar ya isa gida. Bai ci abinci ba. Ya ɗauki zarto da tsani ya jefa a bayan tsohuwar motarsa, ya nufi gona. A hanya yake ta lissafi: a rage inuwar mita saba'in ta koma talatin ba aski ba ne, fiye da rabin rassan za su tafi. Ya kuma san abin da ake kiran mutumin da ya sa zarto a itacen wani ba da izini ba.

Tun daga nesa ya hango baƙin abu a gindin itacen. Gwaggo Argiro ce zaune a kujerar roba, sandarta a kan cinya. Mai motar burodi ne ya rage mata hanya, kujerar ma tasa ce.

Ta dubi zarton, ta dube shi. "Na san jinin gidanmu. Ubanka ma da haka zai yi."

Zaharias ya ajiye tsanin a ƙasa. Kunya ta kama shi kamar wanda aka kama a rumbun maƙwabci.

"Takarda dai ba zan sa wa hannu ba," ta ce. "Amma itacena ya yi gashi da yawa, yana son aski. Mai itace ce ta sa ka. In Sifis ya tambaya, haka za ka ce masa."

"Gwaggo, in na rage shi yadda ake bukata, sai ya shekara huɗu bai yi 'ya'ya ba."

"Ni za ka koya wa zaitun?"

"Shekara huɗu fa, Gwaggo."

"Na iya lissafi, Zaharias. Man da ka kawo bara da sauran rabin tulu, kuma ba na ci da yawa yanzu." Ta ɗaga sanda ta nuna. "Fara da wancan na kudu. Ka yanka a karkace don kada ruwa ya zauna. Kar ka yi mini aikin mahauta."

Ya kafa tsani ya hau. Hannunsa ya san aikin, bai bukaci tunani ba. Reshen farko ya yi ƙara ya faɗo, ganye ya watsu, rana ta sauka a kan cinyar tsohuwar.

Ta tashi a hankali, ta ja kujerarta ta matsa kusa da gindin itacen, ta sake zama.

"Saura na kusa da shi," ta ce.