Hannun Hafsatu a Tukunyar Bashira

Zahra ta kai lomar bakinta, ta tauna sau ɗaya, ta tofar a kan kafet.

"Tak nak! Ba na so! Wannan ba miyar Mama ba ce."

Hafsatu ta yi dariya, ta farko da aka ji daga bakinta tun da korona ta ɗauke mijinta Ɗayyabu. "Yaya, kar ki ji haushi. 'Yar nan shekararta huɗu, amma harshenta na tsohuwa ne. Gobe ma sake."

Bashira ta yi murmushi, ta durƙusa tana goge kafet ɗin. Ita ce matar Alhaji Ƙasimu, wan marigayin. Ba don Allah take hawo benen nan na unguwar Setapak kullum ba. Zuwa take ta sace hannun miyar facalarta, domin ranar da jirgi ya ɗaga da Zahra da yayarta Hasna, sun bar Kuala Lumpur ke nan har abada. Kowa a dangi ya sani. Uwarsu ce kaɗai ba ta sani ba.

Tafiyar ta marigayi ce. Tun kafin annoba yake ɗokinta: wata biyu a Turai, shi da iyalinsa da na wansa, daga Sifen zuwa Italiya. Ya ce shi ba ruwansa da otal, gidajen haya masu kicin zai kama, a shiga kasuwa a yi cefane, a ɗora tukunya kamar ana gida, don abincin Bature ba ya riƙe ciki. Aka rufe iyakoki, ya ɗaga ranar. Aka sake rufewa, ya sake ɗagawa. A lokacin da asibitocin garin suka cika maƙil, motar asibiti ta zo ta ɗauke shi, ko fuskar gawarsa Hafsatu ba ta gani ba.

Bayan sadakar arba'in Iya, uwarsu Ƙasimu, ta kira daga Kano, ta yanke hukunci. "Yarinya ce ɗanya shataf. Tana fita takaba wani zai kwashe ta. Jinin Ɗayyabu ba zai yi agolanci a ƙasar wasu ba. Na gaishe da jikokina a waya suna amsa min da yaren da ko aljani bai sani ba! A kawo min su. Bashira ta riƙe, tunda ɗakinta fayau yake."

Kalmar ƙarshe ta soki Bashira, amma ta haɗiye. Shekara da shekaru tana jiran haihuwa, ga biyu an miƙo mata a dafe.

Ƙasimu ya tsara sauran. Ya tsaya a bakin ƙofar Hafsatu da takunkumi a fuska, murya a raunane. "Ke kina takaba, babu fita. Gidajen nan kuwa marigayi ya riga ya kama su, masu su sun ce ba sauran ɗagawa. Burinsa ne yaran nan su ga Turai. Ki bari mu cika masa." Bai faɗa mata cewa tikitin dawowa Kano ya nufa ba.

Hafsatu ta yi kuka, ta yarda, amma da sharaɗi. Tun rasuwar uban, Zahra ba ta cin komai sai girkin uwarta. "In ta ci na Yaya, ta je. In ba ta ci ba, wallahi ba inda za ta, kuma Hasna ba ta tafiya ta bar ƙanwarta."

A mota Ƙasimu ya dubi matarsa. "Kin dai ji. Duk abin nan a bakin ludayinki yake. Ko tuwo ne ba ki iya ba?"

Shi ya sa Bashira ta zama 'yar makaranta. Kullum da hantsi sai ta taho daga unguwarsu Titiwangsa, ta wanke hannu, ta ɗaura zani a kan doguwar riga. Ta yi miyar kuka, Zahra ta ture. Ta yi ta kuɓewa, Zahra ta shinshina ta gudu bayan labule. Ta rage yaji, ta ƙara man shanu, ta canja tukunya. A banza. Hasna kuwa sai ta ɗaga kai daga kwamfutar karatu ta ce, "Anti, ki yi mata tapau daga mamak kawai lah." Wato a sayo mata na leda a shagon abincin Indiyawan unguwa.

"Rufe min baki da lah ɗinki," in ji uwar. "Shagon mamak ne zai bi ku Italiya?"

Ranar tafiya na matsowa, Ƙasimu na ƙara zafi. Rannan Bashira ta zauna a kujerar kicin, ta matso hawaye, waɗanda rabinsu na gaske ne. "Maman Hasna, ni na haƙura. Wadda ba ta haifa ba, ko yaro ya san hannunta."

Nan take tausayi ya kama Hafsatu. Ta dafa goshi. "Kash! Yaya, laifina ne. Abin ya zame min jiki har na manta sirri ne." Ta jawo wani gwangwani daga bayan buhun shinkafa. Ƙananan busassun kifin nan ne na 'yan Maleshiya, an soya an daka sun zama gari. "Lokacin kulle daddawata ta ƙare, babu mai shigowa daga gida. Sai na fara zuba wannan. Da shi Zahra ta buɗe baki. Ita ba ta san miya ba sai da shi. Yatsa uku, bayan kin sauke, ba kan wuta ba."

Da ƙofa ta buɗe, sai komai ya biyo. Hafsatu ta zauna tana zazzage 'ya'yanta kamar mai zazzage jaka. Zahra ba a ba ta da cokali, da hannu ake ba ta, daga gefen kwano inda ya huce. In ta tashi da rigima, a sosa mata bayan kunne. Hasna ba ta kuka a gaban mutane, in aka ga ta daɗe a banɗaki to kuka take, kar a ƙwanƙwasa, a zauna a bakin ƙofa a yi ta hira ita kaɗai har ta fito.

"Ki riƙe duka, Yaya. Allah ya ba ki naki masu albarka."

"Amin," in ji Bashira, tana kallon gwangwanin.

Washegari ta biya kasuwa ta ciko jaka da kifin, suka zauna suna cire kawuna. Hafsatu ta tsaya, ta dubi tulin. "Yaya, wannan ai na shekara ne. Wata biyu fa za ku yi."

Hannun Bashira bai tsaya ba. "Kin san Alhaji da ci. Yana ɗanɗanawa zai ce a sa masa har a shayi."

Hafsatu ta tuntsire, maganar ta wuce.

Ana saura kwana kaɗan aka yi gwaji. Kowacce ta ɗora tukunyarta, aka zuba a kwanuka iri ɗaya, aka kira Zahra. Hasna ta zama alƙali, ta rufe wa ƙanwarta ido da tafin hannu. Yarinyar ta lasa na farko, ta lasa na biyu, ta koma na farko. Sai ta jawo kwanon hagu ta rungume.

"Wannan ne na Mama."

Na Bashira ne.

Hafsatu ta tafa, ta so ta rangaɗa guɗa ta tuna takaba take, ta toshe baki tana dariya har da ƙwalla. "Kin ƙwace min 'ya, Yaya!" Da yamma Ƙasimu ya zo, ta ɗauko fasfon yaran da kanta, ta sa hannu duk inda ya nuna. Nata fasfon dama yana wurinsa tun rasuwa, wai zai sabunta mata izinin zama, wanda ya mutu tare da mai gidan.

Ranar tafiya, bayan azahar, Hafsatu ta yi wa yaran kitso, ta tofe su da addu'a, ta cusa rigunan sanyi a akwati. Ta rako su bakin ƙofa, ta tsaya a kan dokin ƙofar, ba ta tsallake ba. "Ku ɗauko min hoton dusar ƙanƙara. Zahra, ki ci abinci." Lif ya rufe tana ɗaga hannu.

A ƙasa motar haya na jira a wajen get. Direban, wani dattijon Basine, yana ta dabarar cusa akwatuna a but. Wayar Bashira ta yi ƙara. Iya ce.

"Kun fito da su?"

"Yanzu muke lodi, Iya."

"To madalla. Uwarsu ta kira ni wai in yi musu addu'ar dawowa lafiya. Na ce dawowa ina? Ni ba na ƙumbiya-ƙumbiya da asubar fari, carbi na hannuna. Na faɗa mata gaskiya."

Bashira ta juya. "Alhaji, ta sani."

Ƙasimu ya jefa akwatin ƙarshe a kujerar gaba, ya tura yaran baya, ya shiga. Bashira ta ɗora Zahra a cinya. Kafin direba ya gama saita wayarsa, sai ga Hafsatu ta ɓullo daga ƙofar matakala, ba takalmi, ba mayafi, kallabi ya zame. Ta ruga get ɗin masu ƙafa, ta girgiza shi. Sai da kati yake buɗewa, katin yana can sama. Mai gadi ya fito daga rumfarsa ya tare ta, ya ja baya taku biyu, yana nuna takunkumin bakinsa. "Mas, madam! Mas!"

Ba a jin muryarta ta gilashi. Bakinta kawai ake gani, da hannuwanta biyu da ta zuro ta tsakanin ƙarafa.

Direba ya dubi madubi. "A jira ta?"

"Mu je," in ji Ƙasimu.

"In ta kira 'yan sanda fa?" Bashira ta raɗa.

"Da wace takarda? Ita za su fara kamawa."

Hasna ta miƙe a kan gwiwa tana leƙen gilashin baya. "Baffa, Mama ta fito. Ai ta ce ba ta fita."

"Bai-bai ta zo yi muku. Ku ɗaga mata hannu mana, ba ku da tarbiyya?"

Hasna ta ɗaga hannu tana murmushi. Bashira ta kama hannun Zahra ta ɗaga mata shi. Haka suka yi ta yi har mota ta sha kwana.

Sun hau babban titi Zahra ta fara ƙananan kuka, tana kiran Mama. Wayar Ƙasimu na ta ruri, ya kashe ta. Bashira ta sosa wa yarinyar bayan kunne, ta buɗe kular da ke jakarta, ta gutsuro tuwo daga gefe inda ya huce, ta dangwalo miya.

Zahra ta shinshina. "Mama ce ta yi?"

Bashira ta tsayar da lomar. Ƙaryar ta ishe ta, kuma tana so ta gani ko za ta ci.

"A'a. Ni na yi."

Zahra ta dube ta da jiƙaƙƙun idanu. Sannan ta buɗe baki.